Lissafinka bai kwantar min da hankali ba

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa, da fatan sanyin can bai takura maka ba. Gida duk lafiya, ƙafar Hajiya ma da sauƙi.

Na tambaye ka zancen hoton nan da ƙanwarka ta nuna wa Innarka, kai da wasu samari kowa da jan kofi a hannu, sai ka amsa min da lissafi. Wai a ajinku na ƙididdiga kun gwada, makarantarku ba ta kai sauran jami'o'in Amurka shan giya ba, kuma ƙimar p, wato ma'aunin da ake duba ko sakamako katari ne, ba ta kai 0.05 ba. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata da alli a hannu za ka toshe wa baki da 0.05?

Ma'aunin da kuka kwatanta da shi na san shi. Binciken Henry Wechsler ne na Harvard a 1993, a jami'o'i 140, inda kashi 44 cikin 100 na ɗalibai suka amsa cewa a makonni biyun da suka wuce sun yi shan wuce gona da iri: namiji kofi biyar a jere, mace huɗu. Lokacin ko maganar auren Innarka ba a fara ba, amma bar wannan.

Tunda ba ka turo alƙaluman ba, bari in sa nawa. A ce ɗalibai 200 kuka tambaya. Da makarantarku daidai take da 44 ɗin nan, wajen mutum 88 za a sa ran su ce sun sha. A ce 74 kuka samu, kashi 37 ke nan. Tambayar da p ke amsawa ɗaya ce: in har da gaske 44 ne, sau nawa za a ɗebi mutum 200 a yi katarin samun 74 ko ƙasa da haka? Sau biyu zuwa uku cikin ɗari, ƙasa da 0.05 ɗinka, wato biyar cikin ɗari. Shi ya sa ake cewa da wuya katari ne. Iyakar bakinsa ke nan. Bai ce shan kaɗan ne ba, don 37 ya haura mutum ɗaya cikin uku. Bai kuma ce komai a kan ɗakinku ba.

Su wa ma kuka tambaya? Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya yarda da na bakin buhu, sai ya soka har ciki. In a ƙofar laburare kuka tsaya da safe, waɗanda suka kwana a buge suna gado. Kuma ƙasar da dokarta ta hana wanda bai kai shekara 21 ba sayen giya, yaro nawa ne zai rubuta gaskiya a takarda?

Abin da ke hana ni barci shi ne wannan kofi biyar ɗin. Namijin da ya sha huɗu ya tsaya, lissafinsu bai ƙirga shi ba, yana cikin "sauran". A gidan nan kurɓi ɗaya ya isa. Ka san Baffanka, ka san yadda muka ɗauko shi daren nan, kana tsaye a zaure kana kallo. Shi ma da rakiyar abokai ya fara. Da zan tura ka, babu irin maganar da ban sha ba a wajen dangi, na tsaya kai da fata na ce na san tarbiyyar da na yi. Filin bayan gari na sayar. Kada ka sa a yi min dariya da furfurata, ka ji ko? Kuma in na sake yi maka tambaya, ka amsa min kamar ɗa, ba kamar mai kare takardar digiri ba.

Ban ce ka sha ba. Zuciyata ma ta fi karkata ga lemo ne, kuma na san zaman kaɗaici a ƙasar mutane ba daɗi, dole mutum ya yi abokai. Ka kira ni ranar Juma'a in kun sauko daga masallaci, mu yi magana mu biyu, ba sai Innarka ta ji ba. Kuɗin rigar sanyi zan ba Kawunka ya tura maka ƙarshen wata.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare.

Mahaifinka.