Sanarwa: gwajin tarin fuka ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka.

Ranar Asabar da ƙarfe 8 na safe ma'aikatan lafiya za su zo ƙofar gidan mai unguwa karɓar kaki. Duk mai tarin da ya kai mako 2, ko zufar dare da rama, ya fito kafin ya wuce gona.

Dutse za a kai kakin, a sa a na'urar GeneXpert. Cikin kamar awa 2 take gano cutar, har ta nuna ko ƙwayar ta daina jin rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. Gwajin kyauta ne, maganin ma haka.

Kakin ƙirji ake so fa, ba yawu ba, kuma a kurkure baki tukuna. Magidanta, don Allah a bar iyali su fito, a kuma sanar da malaman tsangaya.

Allah ya ƙara mana lafiya.
Sakatarenku