Jami'o'inmu su koyar da dalilin da ya sa Landan da Bejin ke magana da Hausa

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka.

Ni malamin makaranta ne mai ritaya a Kamba, nan bakin iyakarmu da Nijar. Kullum bayan asuba a teburin mai shayi nake karyawa, kuma rediyonsa, wadda aka ɗaure bayanta da roba don kada batir ya zubo, ba ta hutawa. A ji Landan, a murɗa zuwa Jamus, a leƙa Faransa. BBC ta fara Hausa a 1957, Jamus da Sin suka biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007, ga Turkiyya ma ta shigo. Ruwa ba ya tsami banza. Ban ce ƙarya suke yi mana ba, sau da yawa ma a bakinsu muke fara jin abin da ya faru a ƙauyen da ke bayanmu. Amma ba wanda zai kashe kuɗinsa shekara sittin yana yi maka magana da harshen uwarka alhali ba ya neman komai a wurinka.

Da ɗan ƙanena ya zo hutu, yana aji uku a fannin jarida, sai na tambaye shi me Sin ke nema a kunnen mai shayin Kamba. Ya jero mini sunayen Turawa da ra'ayoyinsu tiryan-tiryan, amma amsa ta gagara. Ban ga laifin yaron ba, abin da aka ba shi ya kawo.

Abin nan ilimi ne mai zaman kansa, ana ce masa diflomasiyyar jama'a, wato ƙasa ta tsallake fadar takwararta ta yi magana da talakawan can kai tsaye, ta hanyar rediyo, tallafin karatu, wasanni ko bukukuwan al'ada. Wani tsohon jakadan Amurka, Edmund Gullion, shi ya yaɗa sunan a 1965 a Jami'ar Tufts. Jami'ar Kudancin Kalifoniya kuwa tana da cibiyarsa tun 2003, har digiri na biyu take bayarwa a kai.

Mu Kabawa ba baƙin wannan aiki ba ne, sunan ne kawai ba mu sa masa ba. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Da goruna da homa aka wanke abin da takobi ya kasa, har UNESCO ta sa bikin cikin kayan gadon duniya a 2016.

Na kusa kuma mun gan shi da idonmu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyaka, aka yanke musu wuta, manyan motoci suka yi layi kaya na lalacewa, dangi suka koma gaisawa ta waya. Malaman addini da Malam Sanusi Lamido ne suka samu ganin Janar Tchiani, jagoran juyin mulkin, a lokacin da ƙofa ta ƙi buɗuwa ga wasu wakilan. Sannan a Disamban 2024 Janar ɗin ya yi hira da Hausa yana zargin Najeriya, kafin gari ya waye ta cika wayoyin samarinmu. Malam Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro a lokacin, ya mayar da martani da Hausa, amma a ina muka ji shi? A BBC. Maganar gida tsakanin Abuja da Yamai, sai da ta bi ta Landan.

Don haka nake kira ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da ta jiha da ke Aliero, da ta Tarayya a Gusau, su ba wannan fanni kujera tasa. Tun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta raba karatun jarida gida bakwai a 2020, gurbi ba zai yi wuya ba. A haɗa shi da Faransanci da rubutun Hausa mai kyau, in da hali har da Zabarmanci. Lokacin koyon aiki kuma kada duka a kwashe su zuwa Abuja. A turo mana wasu Kamba su yi wata guda suna sauraron abin da direbobin Gaya da Dosso ke faɗa a kanmu. Masauki dai akwai, ɗakin soro na nan ba kowa.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Kamba, Jihar Kebbi.