Wa ya ga gawar da za a ce mu yi sadakar arba'in?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na daren Lahadi ya hana gidanmu barci. Baƙon da kuka gayyato ya ce iyalan waɗanda suka ɓace a Bahar Rum su haƙura, su yi sadakar arba'in, wai duk wanda teku ya haɗiye ya tafi ke nan. Mai gabatarwa kuma yana ta ce masa haka ne. Hajiyarmu na zaune gaban rediyo a lokacin. Tashi ta yi ta shige ɗaki, ko tuwonta ba ta taɓa ba.

Ƙanena ne ya ɓace. Mai aikin tayil ne, ya bi ta Agadas zuwa Sabha, ya yi shekara biyu yana aiki a Libiya yana aiko mana da abin da ya samu. Da aiki ya tsaya, sai ya kira daga Sabrata ya ce da asuba za su shiga kwalekwalen roba, irin wanda ake hura wa iska, su nufi tsibirin Lamfedusa na Italiya, tafiyar kimanin kilomita 300. Ya ce wa Hajiya ta sa shi a addu'a. Yau shekara uku da wata biyar. Dillalin da ya karɓi kuɗinsa ya ce sun tsallaka, daga baya ya kashe waya. Wani yaro da ya dawo ya ce kwalekwalen ya sace a tsakiyar ruwa, an tsamo wasu an kai su kurkuku. Wani kuma ya rantse ya gan shi a garin Zawiya na Libiya. To wanne za mu ɗauka? Baƙonku ya ga gawarsa ne?

Ko 'yan matan nan 26 da suka mutu a Bahar Rum aka kai gawarwakinsu Salerno ta Italiya a watan Nuwamban 2017, da yawansu an binne su ba a san sunayensu ba, amma dai an ga gawa, akwai kabari. Mu ko takalminsa ba mu gani ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, baƙon ya yi magana kamar shari'a ba ta san wannan matsala ba. Ai malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin mafƙudi, wato wanda ya ɓace ba a san ko yana raye ko ya mutu ba, tun da daɗewa. Matarsa za ta kai ƙara gaban alƙali, a yi cigiya, a ɗiba mata shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Dukiyarsa ma ba a raba ta da gaggawa. Matar ƙanena tana nan gidanmu da 'ya'ya biyu, ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba. Tun ranar Litinin danginta suka fara aiko mana cewa ai an faɗa a rediyo, ta fara takaba. Kun ga abin da maganar minti biyu ta jawo? Da kun kira malami ɗaya daga Masallacin Juma'a na Jos, ko ma'aikacin Red Cross da ke aikin haɗa iyalai da 'yan'uwansu da suka ɓace, da mutane irinmu sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. A unguwarmu kaɗai na san gida uku da ke cikin wannan hali.

  

Ina roƙon ku maimaita shirin, ku ba iyalai dama su yi magana da bakinsu. Ni zan zo. Hajiya kuwa har yau ita ke sa tsohuwar wayarta a caji kowane dare, domin lambar da ƙanena ya haddace ke nan.

Naku mai sauraro,
daga Unguwar Rogo, Jos.