A duba allon kwamfuta kafin a zargi mai injin bugawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarka in yi magana da abokan sana'ata, masu ɗaukar hoto da masu tsara katin gayyata da kalandar biki a nan Maradi. Rigimar da ta fi yawa a shagunanmu ta launi ce. Uwar biki ta ga ankonta a allo yana walƙiya, takarda ta fito ya koɗe, sai a ce tawada jabu ce ko inji ya tsufa. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma galibi allon da aka gyara hoton a kai ne ya yi ƙarya tun farko.

Kamfanoni suna ƙure hasken allo, su karkata farinsa wajen shuɗi, don ya ja idon mai saye. Mu kuma mu ɗora shi a tebur haka nan, sabo ko na gwanjo. Kana ganin hoto ya yi haske, ka rage masa, ya fito a takarda duhu. Abin da ya fi ci mini rai fuskokin mutane ne. Allo mai shuɗi yana sa mai gyara ya yi ta ƙara ja da rawaya, har dattijo baƙi kyakkyawa ya fito kamar an shafa masa lalle.

Gyaran ba ya cin ko dala. A bar allo a kunne minti 30 ya zauna. A shiga maɓallan da ke jikinsa a zaɓi sRGB, ma'aunin launi da kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996, wanda yawancin hotunan intanet ke bi. In babu shi, a sa ma'aunin farin allo a 6500K, wurin da aka rubuta Gamma, mai daidaita haske da duhu, a 2.2. Wurin da aka rubuta Luminosité, wato ƙarfin haske, a sauke shi sosai. Masu aikin hoto suna neman wajen kandela 120 a ma'aunin ƙarfin haske, amma mu da ba mu da ma'auni, sai mu riƙe farar takarda kusa da allo har haskensu ya zo ɗaya. A Windows, rubuta dccw a wurin bincike, zai bi da kai mataki-mataki wajen daidaita launin allo. A kashe hasken dare, wato Éclairage nocturne, don rawaya yake zubawa a kan komai.

Kuma don Allah a daina ajiye kwamfuta tana kallon ƙofar shago. Ranarmu ta fi ƙarfin kowane allo, ga ƙurar hunturu da ba a gogewa. Mai tsohon allo samfurin TN, wanda launinsa ke sauyawa in ka sunkuya, ya tara kuɗi ya nemi samfurin IPS, wanda launinsa ba ya sauyawa haka. Na'urar auna launin allo irin su Spyder tana da tsada ga mutum ɗaya, amma shaguna biyar za su iya haɗa kuɗi su riƙa karɓa-karɓa.

Duk da haka allo da haske yake aiki, ja da kore da shuɗi, inji kuwa da tawada huɗu, kuma akwai shuɗi da kore masu ƙyalli, irin na sabuwar shadda, da tawada ba ta kai musu. Ni a shagona nakan buga ƙaramin gwaji, mai aiki ya fita da shi waje ya gani a hasken rana, sai ya ce ya yarda sannan in saki sauran.

Naku,
Wani mai ɗaukar hoto, unguwar Bagalam, Maradi.