A Sanar da Direba Laifinsa Cikin Harshen da Yake Ji

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman fili in yi tsokaci kan rahotonku game da kotunan tafi-da-gidanka da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke kafawa a manyan hanyoyi a watannin ƙarshen shekara. Hukunta mai gudun wuce sa'a da mai lodin da ya wuce kima daidai ne, ba na ja. Damuwata ita ce takardar tarar kanta.

Da Turanci ake rubuta ta. A tashoshin mota za ka ga direba riƙe da ita yana jujjuyawa, yana neman ɗan kamasho ko wani fasinja ya karanta masa. Bai san sunan laifin ba, balle ya san yana da ikon musantawa a gaban alƙali. Sai ya biya don a sakar masa mota, gobe kuma ya maimaita laifin, tunda ba wanda ya yi masa bayani. Alhali sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa cikin harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta.

Shawarata, a buga bayanin laifuffuka da hanyar ƙalubalantar tara da Hausa, boko da ajami, a bayan takardar. Hukumar Ba da Agajin Shari'a kuma ta riƙa tura lauya duk inda kotun ta zauna, ƙungiyoyin direbobi su ɗauki nauyin sanar da 'ya'yansu.

Naku,
Mai karatu daga Zariya