Labarin 'yan Mormon ya wuce batun tara mata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na makon jiya kan addinan Amurka, na kuma ji daɗi da kuka taɓo 'yan Mormon. Sai dai abin da aka faɗa a kansu bai wuce jimla biyu ba, wai wasu Kiristoci ne masu tara mata. Abin ya tsaya mini a rai. Na yi shekara biyu ina karatun ban ruwa a garin Logan na jihar Utah, na yi maƙwabtaka da su, na ci abincinsu, shi ya sa na kasa yin shiru.

Batun auren dai gaskiya ne an yi shi. A 1852 suka bayyana shi a fili, gwamnatin Amurka ta sa su gaba da dokoki da ɗauri da ƙwace dukiyar coci, har shugabansu Wilford Woodruff ya sanar da dainawa a 1890. Bayan haka ne aka karɓi Utah a matsayin jiha a 1896. Yau duk wanda ya ƙara mata ta biyu korarsa ake yi daga cocin. Masu yin haka yanzu wasu ƙananan ƙungiyoyi ne da suka ɓalle.

Wanda ya kafa tafiyar shi ne Joseph Smith, haifaffen 1805. Ya ce mala'ika ya nuna masa wasu allunan zinariya a wani tudu a jihar New York, ya fassara su, aka buga Littafin Mormon a 1830, a shekarar kuma ya kafa cocin. Mabiyansa sun ɗauke shi annabi, kuma har gobe haka suke kiran duk wanda ke shugabantarsu. Ni Musulmi ne, na san inda annabci ya ƙare a aƙidata, kuma ban ɓoye musu haka ba. Kiristoci da yawa ma ba sa lissafa su a cikinsu, saboda ƙarin littafi a kan Baibul da kuma yadda suka fahimci Ubangiji. Amma rashin yarda da aƙidar mutum bai ba ka damar taƙaita tarihinsa yadda ka ga dama ba.

Mutane ne da aka yi ta kora. Daga New York suka koma Ohio, daga nan Missouri, inda a Oktoban 1838 gwamna Lilburn Boggs ya sa hannu a takardar da ta ce a kore su ko a ƙarar da su. Kwana uku bayan haka aka kashe musu mutum 17 a Haun's Mill. Ba a soke wannan takarda ba sai 1976. Suka tsallaka Illinois, suka janye ruwan wata fadama mai sauro a bakin kogin Mississippi, suka gina birnin Nauvoo. A ranar 27 ga Yuni 1844 gungun mutane suka afka gidan yarin garin Carthage, inda ake tsare da Joseph Smith da yayansa Hyrum, suka harbe su.

Brigham Young ne ya ja ragama. A Fabrairun 1846, tsakiyar hunturu, suka fara ƙetare kogin suka nufi yamma, tafiyar sama da kilomita 2,000. Brigham Young ya isa kwarin Salt Lake, a jihar Utah ta yau, ranar 24 ga Yuli 1847, lokacin wurin yana hannun Meziko. Kafin layin dogo ya iso a 1869, kimanin mutum 70,000 sun bi wannan hanya. Talakawan da ba su da kuɗin shanu, yawancinsu daga Ingila da arewacin Turai, amalanken hannu suka ja, kamar kurar 'yan ga-ruwa, da kayansu da ƙananan 'ya'yansu a ciki. A 1856 ayari biyu suka makara, dusar ƙanƙara ta rutsa da su a Wyoming, sama da 200 suka mutu.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne ruwa. Ƙasa ce busasshiya, tafkin da ke gabanta kuwa ya fi teku gishiri. 'Yan gaba da suka riga Brigham Young isowa sun tarar garma ba ta shiga ƙasar, sai suka datse wani rafi mai gangarowa daga duwatsu, suka malala ruwan, ƙasa ta yi laushi, suka shuka dankali. Daga nan aka kafa ƙa'ida: ruwan rafi ba na kowa ba ne, na jama'a ne. Kowane magidanci zai haƙa rabonsa na magudana gwargwadon gonarsa, a naɗa mai kula da rabon ruwa, kowa da ranarsa da sa'arsa. Na ga ragowar wannan tsari da idona. Tsohon da nake haya a gidansa yana da takarda manne a bango mai ɗauke da lokutan ruwansa. Idan layi ya zo kansa ƙarfe biyu na dare, zai sa takalmin roba, ya ɗauki tocila da shebur, ya je ya ɗaga ƙofar ƙarfen da ke bakin magudanar. Sa'arsa na cika zai rufe, ko da fangali ɗaya bai sha ba, don na ƙasa da shi yana jira. Duk wanda ya taɓa noman rani a ƙarshen hanyar ruwa, ya ga tumatirinsa na ƙonewa saboda na sama ya toshe, zai gane dalilin da ya sa na kan tsaya ina kallonsa.

Haka suke a sauran al'amura. Ba sa shan giya, ba taba, ba shayi, ba kofi. Suna fitar da ɗaya bisa goma na abin da suka samu. Lahadin farko na kowane wata suna barin cin abinci sau biyu, su ba da kuɗin a taimaki mabuƙata.

Ba na so kuma ku wanke su tas. Yankin da suka sauka yana da masu shi: ƙabilun asali na Ute da Shoshone da Paiute, waɗanda aka raba da makiyaya da ruwansu. A Satumban 1857, a Mountain Meadows, mayaƙan Mormon sun kashe matafiya kimanin 120 da ke kan hanyar California bayan sun yi musu alkawarin aminci, suka bar ƙananan yara kaɗai. Mutum ɗaya tak, John D. Lee, aka zartar wa hukuncin kisa, shi ma sai 1877. Waɗanda aka zalunta jiya su ne suka aikata wannan, kuma abin yana ci mini rai duk lokacin da na tuna.

Akwai kuma wanda ya shafe mu kai tsaye. Har zuwa Yunin 1978 ba sa ba baƙar fata muƙamin limanci. A ƙarshen shekarar ne suka fara yi wa mutane baftisma a kudu maso gabashin Najeriya, yanzu kuma suna da babban ɗakin ibada a Akara, babban birnin Gana, tun 2004, da wani a Aba tun 2005. Tunda ga su kusa, ina roƙon ku ware shiri guda, ku gayyato ɗaya daga cikinsu tare da masanin tarihi, ku tambaye su batun ruwan, ku tambaye su batun 1978.

Na gode.

Naku mai sauraro,
daga Zariya