Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Iyayen Yara Masu Ƙarin Jijiya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mambobi.

Aikin da ya fi cin lokacinmu a bana shi ne kumburin muƙamuƙi. Yawancin yaranmu na ɗauke da cutar ƙarin jijiya da likitoci ke kira NF1, wadda ke kama kusan mutum 1 cikin 3,000. Mun saba da tabon nan ruwan ƙasa da ƙurajen fata, amma ƙarin yakan bi jijiyar da ke ratsa ƙashin muƙamuƙi, fuska ta karkace, haƙora su fito a barbaje ko su ƙi fitowa. Da yake a hankali yake girma, kuma sau da yawa ba zafi, sai a yi ta cewa ciwon haƙori ne.

Shi ya sa kwamiti ya dage kan abu ɗaya: duk yaron da kuncinsa ko dasashinsa ya tashi, a yi masa hoton muƙamuƙi kafin a cire ko haƙori ɗaya. Mun raka iyalai sashen tiyatar baki da fuska na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wasu kuma Shika. Muna sake roƙo, don Allah kada a kai wa wanzami. Irin wannan ƙari cike yake da jijiyoyin jini, ko likita sai ya tanadi jini kafin ya taɓa shi. Kumburin da ya tashi cikin 'yan makonni kuwa, wannan ba na jira ba ne, yana iya zama ciwon dajin da ake kira Burkitt.

Ranar 17 ga Mayu, ranar wayar da kai kan cutar a duniya, mun zauna da iyaye maza. An sha muhawara. Wasu har yanzu matansu suke ɗora wa laifi, alhali uwa ko uba, duk mai ɗauke da cutar, a kowace haihuwa rabi da rabi ne yaron ya gaje ta. Kusan rabin masu ita ma ba su gada daga kowa ba.

An yi ta tambayarmu maganin selumetinib da Amurka ta amince da shi a 2020 don yaran da ƙarinsu bai yankuwa. Yana rage girman ƙarin, ba ya kawar da shi, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin asusunmu nesa ba kusa ba.

Asusun ma da ƙyar ya kai mu ƙarshen shekara, kuɗin mota da na hoto suka cinye shi. Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla a babban taro. Masu bashin kuɗin wata a taimaka a biya kafin ranar, kuma kowa ya zo da katin asibitin yaronsa da tsofaffin hotuna.

Sakatariya,
a madadin kwamitin gudanarwa